Kaluluwa Da Fiɗar Ciwon Dajin Ƙoda: Abin Da Ya Kamata Majiyyaci Da Danginsa Su Sani

Idan likitoci suka tabbatar ƙodar mutum ta kamu da ciwon daji, kuma suka ga babu makawa sai an yi fiɗa an cire ta, akan kira shi da danginsa a yi musu bayani, sa'an nan a ba su takarda su sa hannu. Cikin bayanin nan likita yakan ce mai yiwuwa ne a haɗa da waɗansu 'ya'yan kaluluwa da ke kusa da ƙodar. Mutane da yawa sukan sa hannu ba su gane abin da ake nufi ba. Waɗansu kuwa tsoro kan kama su, su ga kamar za a ɗebe wa ɗan'uwansu abin da bai kamata ba. Akwai kuma waɗanda in an gama aikin suka ji ba a taɓa kaluluwar ba, sai su ce likita ya yi aikin rabi da rabi. Duka ukun rashin bayani ne ya jawo. Cire kaluluwa yana da wurin da ya wajaba, yana da wurin da ba shi da amfani, kuma masana sun daɗe suna gardama kafin su rarrabe tsakani.

Mece ce kaluluwa?

Duk manomin da fartanya ta taɓa sara a ƙafa, ko a gonar citta a Kachia ko a fadamar Kagoro, ya san kaluluwa. Bayan kwana biyu sai ya ji wani ƙullutu ya taso masa a gindin cinya yana zafi, alhali kuwa raunin yana can ƙasa a yatsa. Mahauta ma sun san ta, don sukan tarar da ita cikin kitsen dabba. Ba a cinya da hammata da wuya kaɗai take ba. Jikin mutum yana ɗauke da ɗaruruwan irinta, yawancinsu ba su fi ƙwayar wake ba, kuma da yawa suna can cikin ciki da ƙirji inda hannu ba ya kai wa.

Ga yadda aikinta yake. Kullum wani ruwa garai-garai yana tsatsowa daga ƙananan jijiyoyin jini yana ratsa tsokar jiki. Waɗansu sirara hanyoyi, waɗanda ba su kai kaurin zare ba, su ke tattara ruwan nan su mai da shi cikin jini. Amma kafin ya koma sai ya bi ta cikin 'ya'yan kaluluwa, inda ƙwayoyin da ke tsaron jiki suke tace shi, su tare duk wata cuta da ya ɗauko. Kumburin da manomi ya ji, alamar wannan faɗa ce. To, kamar yadda kaluluwa ke tare ƙwayoyin cuta, haka takan tare ƙwayoyin ciwon daji da suka ɓalle daga inda ya tsiro. Wani lokaci ta fi ƙarfinsu, wani lokaci su zauna cikinta su yi ta hayayyafa.

Ƙodoji biyu suna kwance ne a bayan ciki, dama da hagun na ƙashin baya, ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe. Tsawon kowace bai wuce santimita 11 ko 12 ba, amma wajen kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ta cikinsu yake bi. Tsakaninsu akwai manyan jijiyoyin jini guda biyu, ɗaya tana sauko da jini daga zuciya, ɗaya tana mai da shi. 'Ya'yan kaluluwar ƙoda a jikin waɗannan jijiyoyi suke manne, watau a ɗaya daga cikin wurare mafi hatsari ga wuƙar likita.

Mutanen Kafanchan za su fi kowa saurin gane abin da ke biye. Tun wajen 1927 garin ya zama mahaɗar jirgin ƙasa, inda hanyar da ta taso daga Fatakwal ta rabu, reshe guda ya nufi Kaduna ta Zonkwa, guda ya hau Jos ta Kagoro da Manchok. Da a ce kowane matafiyi sai ya sauka a kowace tasha bi da bi, wanda ke neman ɓarawo sai ya tare tasha ta farko ya huta. Waɗansu irin ciwon daji kusan haka suke tafiya, daga kaluluwa ta kusa zuwa ta gaba. Na ƙoda ba haka yake ba. Wani lokaci yakan tsallake tashoshin kusa ya bayyana a na nesa, domin waɗansu hanyoyin ruwan suna zarcewa kai tsaye zuwa babbar hanyar da ke cikin ƙirji. Abin da ya fi haka ma, sau da yawa ba ya shiga jirgin sam, sai ya bi hanyar mota, watau jini, ya sauka a huhu ko ƙashi ko hanta ko ƙwaƙwalwa, alhali kaluluwa tana nan lafiya lau. Wannan hali nasa shi ne tushen gardamar duka.

Yadda ra'ayin likitoci ya sauya

A 1869 ne wani likitan Jamus mai suna Gustav Simon, a birnin Haidelbag, ya fara cire ƙodar mutum da niyya, majiyyaciyar kuma ta tashi. Tun daga nan aka tabbata mutum yana iya rayuwa da ƙoda guda. Amma tsarin fiɗar ciwon dajin ƙoda da aka daɗe ana bi, Charles Robson na Toronto a ƙasar Kanada ne ya shimfiɗa shi cikin rahotanninsa na 1963 da 1969. Ya koyar da cewa a fara ɗaure jijiyoyin ƙodar, a cire ta ɗungurungum da kitsen da ya lulluɓe ta da ɗan ƙululun da ke zaune bisa kanta, sa'an nan a share kaluluwa tun daga ƙarƙashin ƙirji har inda babbar jijiya ta rabu biyu ta nufi ƙafafu. Majiyyatansa sun fi na magabata daɗewa, saboda haka duniya ta bi shi. Sai dai ba wanda ya iya cewa wane ɓangare na aikin ne ya kawo nasarar.

Don a warware wannan, Ƙungiyar Turai ta Binciken Ciwon Daji da Maganinsa ta shirya gwaji. Daga 1988 zuwa 1991 aka ɗauki majiyyata 772 waɗanda hoto bai nuna ciwon ya fita daga yankin ƙoda ba, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. An cire wa kashi ɗaya ƙoda da kaluluwa, ɗaya kashin ƙoda kaɗai. Aka yi ta bin lafiyarsu fiye da shekara 12, aka bayyana sakamakon ƙarshe a 2009. Cikin waɗanda aka share wa kaluluwa, kashi 4 cikin 100 kaɗai aka tarar ciwon ya shige ta. Wajen tsawon rai kuwa, da wajen dawowar ciwon, babu bambanci tsakanin ɓangarorin biyu.

Saboda haka ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin mafitsara na Turai da Amurka a yau ita ce: idan ƙarin yana cikin ƙoda bai fita ba, hoto bai nuna kaluluwa ta kumbura ba, likita kuma bai ji ta da hannunsa ba sa'ad da ya buɗe ciki, to, a bar ta. Wanda aka yi wa fiɗa irin wannan aka bar masa kaluluwarsa ba a cuce shi ba. Ƙaramin ƙari ma, wanda bai wuce santimita 4 ba, kai har zuwa 7 in wurin ya ba da dama, akan yanke shi ne kawai a bar sauran ƙodar tana aiki.

Abin da ya bambanta mu da Turai

Amma fa a lura da irin mutanen da aka yi gwajin a kansu. Yawancinsu masu ƙaramin ƙari ne da aka gano da wuri. A Turai sau da yawa ana cin karo da ciwon ne bagatatan, mutum ya je hoton ciki don wata larura dabam sai a gan shi. A nan ƙasar labarin ya sha bamban. Rahotannin asibitocin koyarwa na Nijeriya, na Arewa da na Kudu, bakinsu ɗaya: galibin majiyyata ba sa zuwa sai ƙarin ya girma har ana jinsa da hannu ta bisa fata, bayan an sha jiƙo da sassaƙe an gaji. Ga irin wannan majiyyaci, ƙididdigar kashi 4 cikin 100 ba tasa ba ce.

Likitocin Asibitin Mayo na Amurka sun bi bayanan majiyyatansu, suka fitar da alamomi biyar a 2004 waɗanda ke nuna ciwon yana iya kasancewa cikin kaluluwa: ƙarin ya kai santimita 10, ko ya huda ya fita daga ƙodar, ko wani sashe nasa ya ruɓe, ko ƙwayoyinsa sun nuna mugun kama a madubin likita, ko sun rikiɗe zuwa wata siffa mai saurin yaɗuwa. Da suka share kaluluwar mutum 169 masu alama biyu ko fiye, sai suka sami ciwon cikin kashi 38 bisa 100. Tsakanin 4 da 38 akwai tazara mai yawa, kuma majiyyacin da ya taso daga Kwoi ko Gwantu da ƙari kamar ƙwallon goruba biyu a haɗe ya fi kusa da adadi na biyu.

Wani zai ce, ai sai hoto ya raba gardama. Hoton yana taimako ƙwarai, musamman na siti-sikan, amma girman kaluluwa yake nunawa, ba abin da ke cikinta ba. A 1990 likitocin birnin Ban na ƙasar Siwizalan suka auna kaluluwar da hoto ya nuna ta kumbura a jikin masu ciwon dajin ƙoda, suka tarar kashi 42 cikin 100 ne kaɗai ke ɗauke da ciwon. Sauran kumburi ne irin na manomin nan da fartanya ta sara, domin ƙarin da ya fara ruɓewa yakan tayar da kaluluwar da ke kusa da shi. A ƙasarmu kuma ga tarin fuka, wanda shi ma yakan kumbura kaluluwar ciki. Saboda haka kada dangi su ji an ce kaluluwa ta kumbura su yanke ƙauna su ɗauke majiyyaci su koma gida. Ba a sanin gaskiya sai an ciro ta an duba.

Nan ne fa ya kamata a faɗi magana yadda take. Ko ga masu babban ƙari, binciken da Asibitin Mayo ɗin ya sake yi daga baya bai nuna cewa share kaluluwa yana ƙara tsawon rai ba. Sun duba mutum 138 da aka tarar da ciwon a kaluluwarsu kaɗai, babu alamarsa a wani wuri, aka cire duka. Bayan shekara biyar, kashi 16 cikin 100 ne ciwon bai ɓulla musu a wani sashe na jiki ba. Ma'ana, ga mafi yawa, kafin ya sauka a kaluluwa ya riga ya bi jini. Amma waɗannan 'yan kaɗan ɗin ma mutane ne masu iyali, kuma da an bar musu kaluluwar mai ciwo a ciki da ba su tsira ba. Don haka likitoci suka tsaya a kan cewa duk kaluluwar da ta kumbura a cire ta, a kan mai babban ƙari kuma likita ya auna da hankalinsa.

Babban amfanin cirewar shi ne sani. Ciwon dajin ƙoda mataki huɗu ne, kuma da zarar an same shi a kaluluwa ko guda ɗaya, ya kai mataki na uku komai ƙanƙantar ƙarin. A da, sanin nan bai cika sauya komai ba, domin ciwon dajin ƙoda na manya ba ya jin allurar kemo da aka saba. Yanzu ya sauya. Wani gwaji da aka yi kan mutum 994, wanda aka bayyana a 2021, ya nuna allurar pembrolizumab, wadda ke zaburar da garkuwar jiki, tana rage dawowar ciwon idan aka yi ta duk mako uku har shekara guda bayan fiɗa. A 2024 aka ƙara da cewa bayan shekara huɗu, kashi 91 cikin 100 na waɗanda aka yi wa suna raye, ga kashi 86 na waɗanda ba a yi wa ba. Wanda aka sami ciwon a kaluluwarsa yana cikin waɗanda ake yi wa ita, in irin ƙwayoyin ƙarinsa sun dace. Tsadarta dai ta fi ƙarfin yawancin talakawa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma ko ba a sami halin ta ba, sanin matakin shi ke gaya wa likita yawan yadda zai riƙa kiran majiyyaci hoto.

Yara dabam suke

Duk abin da aka faɗa a sama na manya ne. Akwai wani ciwon dajin ƙoda na yara, wanda ake kira da sunan likitan Jamus Max Wilms da ya yi bayaninsa a 1899. Ya fi kama 'yan ƙasa da shekara biyar. Sau da yawa uwa ce ke fara gano shi wajen wanka, ta ji wani abu mai tauri a gefen cikin yaro, ba ya ko yi masa zafi. A ƙauyuka akan ce saifa ce, a yi ta tsaga ana shafa magani, wata da watanni suna wucewa. Abin takaici ne, domin wannan ciwo yana jin magani ƙwarai. A ƙasashen da ake kai yara da wuri, wajen tara cikin goma suna warkewa.

A wurin yaro, ɗebo kaluluwa wajibi ne ko da ta yi kama da lafiyayya. Ba share ta duka ake yi ba, samfuri ake ɗauka daga bakin ƙodar da gefen babbar jijiya, masana kuma sun fi son a sami kamar guda bakwai. Dalili kuwa, sakamakon shi ke yanke irin maganin da zai biyo baya. In babu ciwo a ciki, sau da yawa allurai iri biyu sun isa. In akwai, akan ƙara ta uku, a kuma gasa wurin da na'ura. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna yaran da ba a ɗebi kaluluwarsu ba sun fi samun dawowar ciwon a cikin ciki, domin an ɗauka ciwonsu bai yi nisa ba, aka ba su magani kaɗan. Iyaye suna da ikon tambayar likita kafin aiki ko za a ɗebi samfurin.

Akwai kuma wani iri da ba a cika gani ba, wanda aka fara bayyanawa a 1995. Yana kama matasa masu ɗauke da rabin jinin sikila, watau masu AS, ya fi son ƙodar dama, kuma yana saurin shiga kaluluwa. Tun da yake wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya mai AS ne, an ambace shi ne ba don a tsorata kowa ba, sai don saurayi mai irin wannan jini da ya ga ja a fitsarinsa kada ya yi sakaci.

Haɗarin aikin da haƙƙin majiyyaci

Share kaluluwa yana ƙara tsawon fiɗa. Ana iya zubar da jini in wuƙa ta taɓa reshen babbar jijiya. Ruwan da aka yanke wa hanya yakan taru wuri guda ya yi ƙunshi, wani lokaci kuma wani ruwa fari kamar madara, mai ɗauke da maiƙon abinci daga hanji, ya riƙa zuba cikin ciki har sai an hana majiyyaci cin mai na ɗan lokaci. Ga maza, in sharar ta yi faɗi ta ɓangarori biyu, tana iya taɓa jijiyoyin da ke fitar da maniyyi. A gwajin Turai da aka ambata ba a ga matsalolin sun ƙaru sosai ba, amma ƙwararru ne suka yi aikin. Shi ya sa wannan fiɗa ta babban asibiti ce mai likitan mafitsara da ma'ajiyar jini.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a cire wani sashe na jikin mai rai ba da yardarsa ba, ban da halin gaggawa da dokar ta keɓe, ta hana cinikin sassan jiki, ta kuma wajabta wa ma'aikacin lafiya ya yi wa majiyyaci bayanin ciwonsa da hanyoyin magani da haɗarinsu cikin harshen da yake ji. Wanda Hausa ko Tyap ko Jju ko Hyam yake ji, ya nemi a fassara masa. Masu tsoron a sace musu ƙoda kuwa, su sani ƙodar da ciwon daji ya cinye ba ta da amfani ga kowa, kuma suna iya neman a nuna musu hoton kafin aiki.

Sai babban kuskuren da ke ɓata wahalar duka. Bayan fiɗa akan sa ƙodar da kaluluwar cikin ruwan fomalin don a kai ɗakin bincike, inda masani zai yanka su sala-sala ya duba a madubi. Wani lokaci dangi ake damƙa wa robar su kai da kansu. Waɗansu, ganin majiyyaci ya tashi yana cin tuwo, kuɗi kuma sun ƙare, sai su kai ta gida su binne. Waɗansu su kai amma ba su koma karɓar takarda ba. Wanda ya yi haka ya sa an yanki ɗan'uwansa kusa da babbar jijiya a banza, domin amsar da aka shiga nema tana cikin robar nan. A cikin takardar sakamako, N0 na nufin an duba kaluluwa ba a sami ciwo ba, N1 an samu, NX kuwa ba a duba ba. A adana ta tare da hotuna, a riƙa zuwa da ita duk ranar ganin likita.

Inda za a fara

Alamomin da aka sani su ne jini a fitsari, ciwon kwiɓi da ya ƙi tafiya, ƙullutu a gefen ciki, rama da zazzaɓi marar dalili. Jinin yakan zo ya ɗauke, ba zafi, shi ya sa ake raina shi. A garuruwan da ke bakin rafi akan ce tsargiya ce. Tsargiya gaskiya ce, ta fi yawa ga yara masu wanka a rafi, jininta kuma a ƙarshen fitsari yake fitowa. Amma magidanci da ya ga fitsarinsa ya yi ja tun daga farko har ƙarshe, ko sau ɗaya ne, hoton ciki ya kamace shi. Shan taba da ƙiba da hawan jini suna ƙara haɗarin kamuwa.

Mutumin Kudancin Kaduna yana iya farawa daga babban asibitin da ya fi kusa da shi, ko na Kafanchan wanda aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, kuma a 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a garin. Sikanin ciki na yau da kullum ya isa ya nuna akwai ƙari a ƙoda. Daga nan sai a karɓi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, ko na Barau Dikko a Kaduna, ko Asibitin Ƙasa na Abuja. A can za a yi siti-sikan na ciki da ƙirji, a gwada ƙarfin ɗaya ƙodar, tun da ita za ta ɗauki aikin biyu.

Wanda aka bar shi da ƙoda guda ya riƙa auna hawan jini da sukari, ya rage gishiri, ya guji shan magungunan ciwon jiki barkatai irin waɗanda ake sayarwa a tasha da kasuwa, da jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. In takardarsa ta nuna N1, likita zai bukaci ganinsa da sabon hoto duk bayan wata uku zuwa shida a shekarun farko, sa'an nan a riƙa tsawaita tazarar.